Ƙanƙara a Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da ƙananan yara. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida? Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. A waya Baba yana jina, shi ya sa kullum nake ce maka da sauƙi. Yau gaskiya zan faɗa maka. Mako shida ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma har yanzu ko kalma ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba. Rashin maganar bai dame ni kamar ƙin cin abincin ba. In na kawo cokali sai ya datse haƙora ya juya fuska bango. Mai zuwa motsa masa jiki ya zo sau uku, sau uku Baba yana korarsa da hannun hagu. Likita ya ce jikin zai iya dawowa, amma ba a warkar da mutum dole, kuma in aka ci gaba a haka sai dai a mayar da shi asibiti a sa masa robar abinci ta hanci. Yaya, tsoro nake ji. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana koyar da Fiziks, wanda ake jin muryarsa daga aji uku, yau shi nake ɗagawa da hannu ɗaya in gyara masa matashi.

To amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. 'Yarka ce. Baba dai bai yi kuskure ba da ya raɗa mata Gaggawa ranar da ta faɗo duniya a wata bakwai, don har yau ba ta rage sauri ba. In ta dawo makaranta ita ke zama da shi, ni kuma in koma kan keken ɗinkina a baranda. Da yake saura wata biyu jarrabawarsu ta ƙarshe, a ɗakinsa take bita, da ƙarfi, kamar mai talla.

Shekaranjiya da la'asar ina jinta tana wani lissafi: rabin kilo na ƙanƙara mai sanyin digiri goma ƙasa da sifili, zafi nawa za a ba ta ta zama ruwa mai digiri ashirin. Ta lissafa na ɗumama ƙanƙarar zuwa sifili, ta lissafa na ɗumama ruwan, ta haɗa, ta ce jul dubu hamsin da biyu da ɗari biyar. Jul ɗin nan shi ne mudun da suke auna yawan zafi da shi. Sai na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na bar ɗinki na ruga, na zaci faɗuwa ya yi. Na tarar ya juyo daga bango, cokalin shayi a hannunsa na hagu, yana bugun bakin kofi, ya kafe yarinyar da idon nan da ni da kai muka sani. Ta sake lissafin, ya sake bugawa. A karo na uku ta dafe kai, ta tuna ta tsallake narkewa. Ashe ƙanƙara in ta kai sifili sai ta tsaya ta sha zafi mai yawa kafin ta zama ruwa, jul dubu ɗari uku da talatin da shida a kowane kilo, ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ba. Shi ne abin da Baba yake kira ɓoyayyen zafi. Ta ƙara rabin wannan, amsa ta koma dubu ɗari biyu da ashirin da ɗari biyar. Sannan ya ajiye cokalin.

Na ga leɓensa yana rawa tun a bugun farko, kuma na san abin da yake nema. Kalmarsa ce ta aji, wadda ta sa ɗalibai suke kiransa Malam Sake a bayan idonsa. Ka tuna yadda na tsani kalmar nan fiye da allura, in na kai masa aikina ya duba ya ce sake, ba ƙari? Ba ta fito ba. Amma idonsa yana kan littafin na kai masa kofin baki, ya shanye rabi bai ma sani ba.

Ka taya mu da addu'a. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Sallama da fatan alheri. Na ji an ce ƙaramin naku ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, Allah ya saka da alheri.

Baba yana cin abinci. Bari in fara da wannan kafin in gaya maka ta yaya, don ta yayan nan ba lallai ta yi maka daɗi ba.

Bayan ranar da na ba ka labari, Gaggawa ta gane darasin tsaf. Kwana biyu tana lissafi ba kuskure, cokali bai yi ƙara ba, Baba ya koma wa bangonsa. Na zauna na yi tunani, na ga mutumin nan ba daidai yake farka masa da rai ba, kuskure ne. Sai na ja ta kicin na roƙe ta ta riƙa yin kuskure da gangan, ɗaya ko biyu a kowace rana. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba za ta yaudari Kaka ba. Na ce mata magani ne, kuma magani ba a tambayarsa daɗi. Ta yarda. Mafi sauƙin kuskuren shi ne wanda ta fara da shi, tsallake narkewa, don haka shi ta fi yi. Da ta tsallake sai ƙwal, ƙwal, ƙwal, ni kuma ina gefe da kwano da nawa cokalin.

Yanzu ɗakin ya koma aji. Ya nuna mana akwatinsa na ƙarƙashin gado, muka ciro tsohon ma'aunin zafinsa a naɗe cikin safa, da ƙaramin allo da guntayen alli. Ya sa muka fasa ƙanƙara a ƙaramar tukunya, muka ɗora a kan risho a bakin ƙofa, muka tsoma ma'aunin. Wuta tana ci, ma'auni ya tsaya a sifili ya ƙi gaba. Na ce tsufa ne ya kama shi kamar mai shi, Baba ya harare ni. Sai da ƙwayar ƙanƙara ta ƙarshe ta narke sannan jan layin ya fara hawa. Gaggawa ta yi tsalle har ta kusa kifar da tukunyar, ta ce masa in bai warke ya raka ta ɗaukar sakamako ba to ta fasa aurensa. Ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Wannan ne murmushinsa na farko.

Ni ma, da nake albasar da ba ta yi halin ruwa ba a gidan nan, na tsinci wani abu. Na gane abin da ya sa ƙofar ƙarfenmu take ƙona hannu da rana alhali ruwan bokitin da ke gefenta ɗumi kawai ya yi. Kilo ɗaya na ruwa sai ya sha jul dubu huɗu da ɗari biyu kafin ya hau digiri ɗaya, ƙarfe kuwa kaɗan ya ishe shi, shi ya sa yake saurin hawa kamar wani Yayana da na sani. Har tabon da tururin dutsen guga ya bar mini a wuyan hannu an yi mini bayaninsa: tururi ya fi tafasasshen ruwa ƙuna, don in ya koma ruwa a jikinka sai ya sauke maka duk ɓoyayyen zafin da ya ɗauko. Shekara tara ina yawo da tabo ban san dalilinsa ba.

Mai motsa jiki ya dawo, kuma Baba ya bar shi ya yi aikinsa, saboda yana so ya iya zama a kujera lokacin darasi. Yana koyon riƙe alli da hagu. Rubutun kamar kaza ta yi tono, amma ana karantawa.

Na san za ka ce dabarata ta cika yawa. Ka bari sai ya miƙe ka yi mini faɗan gaba ɗaya.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba, don kunya ba ta barin mutum ya yi dogon rubutu.

An yi jarrabawar gwaji, an raba musu takardu jiya. Tambayar ƙanƙara ta fito, mai maki goma sha biyu, irin wadda Gaggawa za ta iya amsawa cikin barci. Ta tsallake narkewa. Ba da gangan ba wannan karon. Ta ce hannunta ne ya wuce da kansa, sai da ta fito daga ɗakin jarrabawa ta tuna. A ɗakin Baba in ta tsallake akwai cokali, a can kuwa babu wanda zai buga mata kofi. Mako huɗu ina sa ta maimaita kuskure ɗaya kullum, ban taɓa tunanin hannu yana haddace abin da aka saba masa ba.

Na same ta a bayan tankin ruwa tana kuka, takardar a dunƙule a hannunta. Ba ta ce laifina ba ne, da ma ta faɗa da na fi jin sauƙi. Cewa ta yi, Gwaggo, kada ki gaya wa Kaka, gobe zan ci gaba da yi.

Yaya, amana ka bar mini, na je gyaran gira ina neman tsone ido. Na ce mata an daina daga yau. Saura mako uku jarrabawar gaske, kuma kai ka san burinta na karatun likita a kan wannan darasin ya rataya. Amma kuma na san abin da ya faru wancan karon da aka kwana biyu ba kuskure. In na ceci 'yarka ina tsoron in rasa ubanmu. Gobe zan gaya masa komai, abin da zai faru ya faru.

Ka yafe mini.

Auta

*

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na gode da wayarka, da kuma faɗan da ba ka yi ba. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Washegarin wasiƙata na shiga ɗakinsa da hantsi, na durƙusa a gaban kujerarsa, na miƙa masa takardar gwajin, na zayyana masa duk abin da na ƙulla. Ya daɗe yana kallon jan biron da malaminsu ya zagaye wurin da shi. Sannan ya jawo allo. Ya fi minti biyar yana fama da alli kafin ya juyo mini da shi. Ya rubuta: Na sani. Ya goge da gefen hannu ya ƙara: Mai kuskure littafi yake kallo. Ita ni take kallo.

Ashe tun ranar farko ya gano mu. Na tambaye shi me ya sa ya biye mana, sai ya nuna kwanon abinci, ya nuna ni. Wato ya ga yadda nake murna in ya ci, shi ya sa ya yi ta buga mana kofi. Muna yaudararsa don ya rayu, yana yaudararmu don hankalina ya kwanta. Sai ya ɗora yatsa a kan jan zagayen nan, ya buga ƙirjinsa sau biyu, hawaye ya zubo masa. Malami ne, ya ga ya kamata shi ya fara hango haɗarin. Na riƙe hannunsa muka yi kukanmu tare, ba mai rarrashin wani.

Da la'asar Gaggawa ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa tana raɓe-raɓe. Ya yafito ta, ya miƙa mata alli, ya nuna mata gefen allo inda malami yake tsayawa. Sannan ya nuna ni, ya nuna tabarma. Na ce Baba ɗinkin mutane yana jirana. Ya ɗauki cokali. Na zauna.

Ka ga hikimar tsohon nan? Gidan yana da mai yin kuskure na gaskiya, wadda ba sai an roƙe ta ba, mun bar ta tana ɗinki a baranda. Yanzu ni ce ɗaliba, Gaggawa ce bakinsa. In na ɓata ya buga kofi, ita kuma dole ta nemo inda na ɓata ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta bi matakan nan uku da bakinta ya fi sau hamsin: a ɗumama ƙanƙara, a narkar da ita, a ɗumama ruwa. Yanzu ko a kicin ta ga na fito da ƙanƙara sai ta tambaye ni mataki na biyu. Abinci kuwa har ƙari yake nema, don kuskurena ba ya ƙarewa. Ita ce ma ta ce mini wai makonnin da muka yi muna ganin Kaka ba ya motsi, a sifili yake, yana narkewa ne ba mu sani ba. Na ce ta bar iya yi ta je ta wanke kwanuka, amma maganar ta zauna mini.

Yau da safe ta tafi rubuta Fiziks. Kafin ta fita ta durƙusa ya dafa kanta. Gidan ya yi mana shiru, ni da shi muna ta kallon agogo. Don in rage mana zaman jira na ɗauko littafinta na ce bari in gwada tambayar nan ta rabin kilo ni kaɗai. Na natsu, na yi lissafina a tsanake, na miƙa masa ina jin kaina. Wallahi Yaya ban yi da gangan ba. Dubu hamsin da biyu da ɗari biyar na samu.

Ya duba. Ya lalubi cokali, ashe na kwashe shi tare da kayan shayi. Ya dubi kofi, babu. Na ga wuyansa ya kumbura, leɓensa yana rawa, na yunƙura zan ɗauko masa ruwa. Sai na ji murya, a dishe, a karkace, amma tasa ce.

Ya ce, “Sake.”

Shekara talatin ina gudun kalmar nan. Na ce masa Baba ban ji ba. Na ji sarai, so nake ya maimaita, kuma ya maimaita. Gaggawa ba ta dawo ba tukuna, ban san abin da ta rubuta ba, amma ina da labarin da zan tare ta da shi a bakin ƙofa. Da zarar ka karanta wannan ka kira, ka ce a ba shi wayar.

Bari in tsaya haka, yana nuna mini littafin. Ban gama gyaran ba.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta