Kuɗin Rumawa a Hannun Baba

Plumstead, Landan

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan da sauƙi, sai dai idon Baba har yanzu likita bai faɗi magana mai daɗi ba.

Ranar Asabar Alhaji Sani ya gayyace mu cin abinci a Croydon. Shi ne akawun Baba kafin a sallami Baba daga aiki, yanzu kwangilar siminti ta ɗaga shi. Bayan an ci, ya ɗauko wani tsohon kuɗin Rumawa na tagulla, ya danƙa wa Baba a gaban baƙi.

"Ranka ya daɗe, karanta mana," in ji shi, alhali ya san Baba ba ya gani.

Baba ya shafa da yatsa, ya ce yana jin haruffa a gefe, amma bai ji fuskar sarkin ba.

Alhaji ya ce, "An kankare ta. Rubutun ya ce uban ƙasa ne, amma da ya faɗi, haka mutanensa suka yi masa. Na ba ka kyauta."

Aka fashe da dariya. Yaya, ni ma na yi, saboda mijina a ƙarƙashin Alhaji yake aiki. Baba ya yi godiya, ya sa a aljihu.

A bas sai ya ce, "Hadiza, na ji muryarki." Tun ranar bai sake yi mini magana ba.

Ki roƙa mini Allah ya sa Baba ya huce. Kada Inna ta ji. Ki gaida Kawu da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Hadiza