Dakalin Da Ofishinka Ya Ce A Gina, Ya Kuma Rushe

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Tsare-tsare da Kiyaye Ambaliya,
Ofishin Hukumar Gari.

Daga:
Mai wanki da guga,
Shagon ƙarshe, Layin Bayan Kasuwa.

9 ga Mayu

Game da: Rushe dakalin tare ruwa na ƙofar shagona

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ina gabatar da ƙorafina kamar haka, da fatan za a karanta shi kafin hadari ya haɗo.

1. Ambaliyar bara ta shiga shagona har gwiwa. Kayan da ke ciki ba nawa ba ne, amanar mutane ce. A cikinsu akwai rigar marigayi mijin maƙwabciyata, wadda ta kawo in wanke don ta ajiye wa ɗanta. Ruwan kwata ya bi ta kanta, ba ta gyaru ba. Baiwar Allah ba ta zage ni ba. Ta dai daina gaishe ni, kuma wallahi na gwammace zagin.

2. Ranar 12 ga Fabrairu ofishinka ya tara mu, masu ƙananan sana'o'i, don a koya mana shirin damina. Muka rufe shaguna muka je. Jami'inka ya ce kowa ya tare ƙofarsa da bulo jeri biyu. Aka tafa, aka raba mana lemo da takardar shaida. 'Yan layinmu lemon suka ɗauka da muhimmanci. Ni ne sakaran da ya ɗauki maganar.

3. Na gina. Ƙanen matata magini ne, shi ya aza bulon, ni da mai ɗakina muka yi jidar yashi har bayanta ya riƙe. Masu kawo wanki suna tuntuɓe suna tsaki, ina ba su haƙuri.

4. Ranar 2 ga Mayu ma'aikatan ofishinka, ba na wani ofishi ba, suka zo suka shafa wa dakalin jan fenti, wai ya ci hanya. Na nuna musu takardar shaidar mai ɗauke da sa hannunka. Babbansu ya kalle ta sama-sama, ya miƙo mini, ya sa aka ɗaga guduma. Baraguzan kuma suka tura cikin magudanar da ke gaban shagon, suna nan har yau. Da suka gama suka nemi ruwan sha. Na ba su, domin ni an yi mini tarbiyya.

5. Na zo ofishinka. Na sama suka ce nasu ba da shawara ne, na ƙasa suka ce nasu rusau ne, wai ba sa sanin aikin juna. Da idona na gan su suna cin abinci a kwano ɗaya.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a kwashe baraguzan daga magudana, a mayar mini da dakalina yadda yake, a kuma ba ni izini a rubuce wanda na ƙasa za su iya karantawa.

A ƙarshe, kada a ce na ɓoye wani abu. Makon jiya, karo na farko tun bara, maƙwabciyata ta aiko da kayan makarantar ɗanta. Ba zan sake kallon matar nan da jiƙaƙƙen kaya a hannuna ba. Kayan yaron suna kan kantar jera kaya ta sama, tare da na ma'aikatan jinya da na sauran waɗanda ba su rushe mini komai ba, kuma kantar ta cika.

Fararen rigunanka da direbanka ya saba kawowa su ma suna nan. Na wanke, na sa sitaci, na goge su yadda kake so. Suna kanta ta ƙasa, daidai bakin ƙofa. Duk hukuncin da ofishinka ya yanke, su za su fara sani.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai wanki da guga