Kwana sittin da biyu babu sunana a jadawalin tashi

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin jiragen saman da nake yi wa aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu.

Ni ne matuƙin da ya kwanar da jirginka a Bauchi a farkon daminar nan. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi, shida daga ciki a wurinka. Na rubuto maka sau biyu ta ofis ban ga amsa ba, shi ya sa na fito fili. Ban ambaci sunan kamfani ba, domin ba tonon silili na zo yi ba.

Na ɗaya, abin da ya faru. Wata Alhamis mun taso daga Abuja da hantsi. Muna dab da sauka Bauchi, na'urar da ke nuna mana hadarin da ke gabanmu ta ɗauke. Mun sauka lafiya, don sararin a wanke yake. Amma komawarmu ƙarfe huɗu ce, rahoton yanayi kuma ya nuna hadari yana haɗuwa ta wajen Jos, kan hanyarmu. Na buɗe littafin lafiyar jirgi, na rubuta layi biyu, na sa hannu. Yallaɓai ya san doka: da zarar an rubuta matsala a littafin nan, jirgi ba ya motsawa sai injiniya ya duba ya sa nasa hannun. Ba mu da injiniya a Bauchi. Sai da aka taso da shi a mota daga Abuja, jirgi ya kwana, fasinjoji suka watse suna tsine mini. Ban ga laifinsu ba.

Na biyu, al'adar da na karya. A kamfaninka, idan abu ya lalace a filin da babu injiniya, ba a rubutawa. Muna cewa a riƙe a aljihu. Ka lura da shi, ka yi shiru, ka lallaɓa jirgin zuwa Abuja, can sai ka rubuta kamar a lokacin ya faru. Babu takardar da ta koyar da wannan, amma duk sabon matuƙi yana haddace shi cikin mako guda. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Na riƙe fitila a aljihu, na riƙe makunnin da ke gardama. Ina faɗa ne don kada a ɗauka waliyyi ne ke rubutu. Ranar dai abin da aka ce in riƙe ya fi ƙarfin aljihuna, domin shiga hadarin damina ba tare da na'urar nan ba tuƙi ne ido rufe.

Na uku, yadda matsin yake zuwa. Jami'in da ke tsara tashinmu daga ofishin Abuja, wanda muke kira dispaca, shi ne Malam Garba. Ɗan Bauchi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya san mahaifina, da shi aka ɗaura mini aure. Kafin in sa hannu ya kira ni sau biyar. Bai ɗaga murya ba, bai ba ni umarni ba. Ya tuna mini cewa cikin fasinjoji akwai wani Alhaji daga GRA da ke da taro a Abuja da safe, ya ce shi kansa waya ba ta bar shi ya yi azahar ba, manyan kamfani ne ke ta kiransa. A kira na biyar ya ce: “Kyaftin, ka dubi girman Allah ka rufa mini asiri, ka riƙe zuwa Abuja.”

Da zagina ya yi, da abin ya zo mini da sauƙi. Yallaɓai ɗan Arewa ne, ya san nauyin dattijo ya roƙe ka da Allah ka ce a'a. Na ji kunya har na rasa inda zan sa kaina, kuma har yau ina jin ta. Wannan kunyar ita kamfaninka yake aiki da ita. Ba na ƙarar Malam Garba, shi ma tura shi ake yi. Abin da nake so a lura da shi shi ne duk maganar a waya ake yin ta, ba ta barin ko layi ɗaya a takarda. Da mun tashi wani abu ya faru, masu bincike za su tarar da littafi yana cewa jirgi lafiyarsa lau, da sa hannuna a ƙasa, ni kaɗai.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Ba a ba ni takardar tuhuma ba, ba a kore ni ba. Jadawali ne kawai yake fitowa duk mako babu sunana, yau kwana sittin da biyu. Idan na tambaya sai a ce ana dubawa. Dokar aikinmu ta ce matuƙin da ya cika kwana casa'in bai tashi ya sauka sau uku ba, ba zai ɗauki fasinja ba sai an sake gwada shi, kamfani ne kuma ke zaɓar wanda zai tura gwajin. Saura kwana ashirin da takwas. Wanda ya cire sunana ya iya lissafin nan kamar yadda na iya. Ina zaune a gidanmu na Ƙofar Ran, mahaifiyata tana yi wa kamfani addu'a saboda dogon hutun da ya ba ɗanta, ban kuma gyara mata ba.

Abokan aikina sun fahimci darasin. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini cewa tun ranar ba a sake rubuta komai a littafi a Bauchi ba, alhali jiragen su ne dai na da, damina kuma ba ta wuce ba.

Buƙatuna uku ne. A ajiye injiniya a Bauchi, ko a yi yarjejeniya da wanda zai riƙa zuwa cikin sa'o'i kaɗan. Duk wanda yake son jirgi ya tashi bayan matuƙi ya ce a'a, ya rubuta, ya sa sunansa, a daina aiko mana da dattawa suna roƙo. Ni kuma a mayar da ni jadawali, ko a rubuto mini laifina in san shi.

Gara in faɗi gaskiya kafin Yallaɓai ya yanke hukunci. Ina son aikina, ba ni da wata sana'a. Amma idan aka mayar da ni, na'urar nan ta sake ɗaukewa a Bauchi ga hadari a hanya, zan sake rubutawa, ko da Malam Garba ya kira sau goma. Idan da wannan sharaɗin ba a buƙatata, a gaya mini a rubuce.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya albarkaci kamfani, ya sauke duk wanda ya hau jirginka lafiya, har da waɗanda za su tashi yau da ƙarfe huɗu.

Wassalam.

Kyaftin Bala,
Ƙofar Ran, Bauchi.