Amfilifayar da aka kulle a kabad

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da kanta. Kunnen ne dai yana nan yadda ka bar shi, saƙon muryarka ba ta jin sa a waya sai na haɗa mata da manyan sifikun falo.

Maganar da ta sa na rubuto ke nan. Ka tuna yadda ka bar amfilifayarka, na'urar da ke tura sauti ga sifikun, a saman kantar ƙarfe, ba komai a kanta, bayanta da tazara daga bango, iska na ratsa ta ta ko'ina. To, Mai Labule, mijin Anti, ya ce kantar ta mai da falon Inna kamar garejin bakanike. Ya kawo mata kyautar kabad mai ƙofar gilashi, ya cusa amfilifayar a ramin tsakiya, ya ɗora dikodar talabijin daidai kan 'yan hujojin da take numfashi da su. Bai tsaya nan ba, ya shimfiɗa leshi, ya dasa furen roba, ya kulle, ya tafi da makulli wai don kada jikoki su ɓata gilashin. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallo kamar wanda ya gina asibiti.

Yaya, furen nan yanzu ya sunkuyar da kai. Gilashin kansa in ka taɓa sai ka janye hannu. Na gaya masa cikin ladabi cewa abin zafi yake yi, ya ce ai zafi alamar ƙarfi ne, ni me na sani. Da amfilifayar ta fara ɗaukewa ya ce laifin masu wuta ne, alhali ƙwan falo na ci a saman kansa. Daga baya ya ce tsohon kaya ka saya. Jiya kuwa ya zo da dabarar da ta fi duka: ya juyo fanka tana hura gilashin a rufe, mu muna zufa, kabad na shan iska. Mutumin da in ya ga taga ba ya tunanin komai sai yadda zai toshe ta, me za ka jira daga gare shi?

Da abin dariya ne kawai da na yi shiru. Amma ka san gaisuwarka a saƙon murya, sai ka bi dangi da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har magen gida. Kafin ka kai ga ainihin magana amfilifayar ta ɗauke ɗif. In ta huce na ce mu ci gaba daga inda ta tsaya, Inna ta ce ba a shiga maganar mutum daga tsakiya, a faro daga sallama. Sai amfilifayar ta sake mutuwa a wuri ɗaya. Yanzu Inna ta sa a ranta wani abu ne ya same ka ake ɓoye mata. In na faɗa mata sauran da bakina, sai ta ce lallashinta nake yi. Abinci ma ta rage ci. Kuma ta hana ni taɓa kabad ɗin, wai ba za a kunyata suruki a kan kyautarsa ba.

Kai kaɗai Mai Labule yake jin maganarka. Don Allah ka aiko da saƙo, ka ce kana lafiya, ka ce a mai da amfilifaya saman kanta, kada a ɗora mata ko hankici. Kabad ɗin a zuba masa kwanuka, zai yi kyau. Zan kunna ranar da yake zaune a falon. Amma ka fara da wannan, ka bar gaisuwa a ƙarshe. In ka fara da Kawu da Gwaggo, ba za mu kai ba.

Ka gaida Maman 'Yan Biyu da yaran. Kawu Direba da Gwaggo suna gaishe ka, Anti ma haka. Mai Labule ya ce in gaya maka falo ya yi kyau.

Ƙaninka,
Auta