Sunan da ke Jiran Gada

Lanham, Satumba 2011

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya sanyin dajin Kanada? Mu nan ƙalau muke, sai dai na cikin ya mai da haƙarƙarina filin ƙwallo.

Na ga hotunan da ka aiko. Tudun nan da masu katako suka yi wa aski ƙwal-kwabo ya ba ni tausayi, ba komai sai kututture da sawun injina. Ka ce a can iska ce ke busar da ƙananan itatuwan nan masu ganye kamar allura, ƙasar ma ta daina riƙe ruwa, amma inda aka sari wasu aka bar manya, suna tasowa lafiya a inuwa. To, malam mai bincike, kai ma babba ne, ga shi an sare ka daga gidan nan. Ka gama awonka ka dawo.

Likita ta ce ƙarshen Oktoba. Ka tuna alkawarinmu: kai za ka zaɓi suna, ka faɗe shi da bakinka. Ina kewarka, har da mitar da kake yi kan gishirin miya.

Taka,
Haula

Lanham, Oktoba 2011

Maigida,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Daga jami'arku aka kira ni, sun ji ku ta rediyon oba-oba. Wai ruwan sama ya gangaro da laka daga askakken tudun nan ya tafi da gadar motocin katako, kun maƙale a sansani. Sun ce kuna da abinci, shi ya sa nake iya barci. Takardar nan za ta biyo motar farko da ta tsallaka.

Albishirinka: mace ce, kuma ba ta jira ƙarshen wata ba. Hancinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Anti Pauline maƙwabciyarmu ce ta kai ni asibiti, Malam Umaru limami ya yi mata kiran salla a kunne.

Ran bakwai falo ya cika. Malam ya nemi suna, ya ce bai kamata ranar ta wuce ba. Inna ma ta bugo daga Damagaram tana ta faɗa. Na yi kuka, amma na ƙi. Aka yi addu'a, aka ci tuwo, aka watse.

Baƙuwa muke ce mata a yanzu, har ta fara yin shiru in an kira. Ka yi sauri, ina tsoron ta saba.

Matarka mai jiranka,
Haula