Alƙalamin Kakana da Ka Yanka

Zuwa ga Rayyanu, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa bayan doguwar tafiya, kai da nake sunkuyar da kai duk sanda aka ambaci sunanka. Sallama gare ka, ko da yake yau cikin fushi nake rubuto maka.

Ka tuna ranar da na tsaya a rumfarka ta ƙira a kasuwar Mayahi, na kasa haɗa ido da kai, na miƙo maka alƙalamin tawada daga cikin hijabina? Na ce maka na kakana ne, Mushe Laminu, wato Malam Laminu, wanda ya shekara talatin yana koyarwa a lakwal, makarantar boko ta garin Sarkin Hausa. Na ce bakinsa ya lanƙwashe, ka miƙe mini shi, da shi nake so in rubuta jarrabawar brebe. Ka yi murmushi ka ce in bar shi a hannunka. Wayyo ni! Na bar shi, na bar zuciyata tare da shi.

Jiya sai ga ƴan kunne ka aiko mini, kore masu ratsin baƙi, suna sheƙi kamar ganyen gero bayan ruwa. Tun kafin in taɓa su na gane. Jikin alƙalamin ne ka sa wa zarto, ka goge, ka huda! Wa ya ce maka ado na zo nema? Na san sana'arka ce sayen matattun alƙaluma kana mai da su zobba da sarƙoƙi. Amma wannan bai mutu ba, Rayyanu, jinya na kawo shi. Kunnenka yana ina lokacin da nake magana? Ko don muryata ba ta da ƙarfi ka ɗauka ba ta da nauyi?

Inna ba ta san na ɗauke shi daga akwatinta ba. Shi kaɗai ya rage mata na mahaifinta. Da wane ido zan dube ta?

Kuma ƙawata Raihana ta ga bakin alƙalamin nan mai ruwan zinariya rataye a sarƙa cikin rumfarka, wai wani mai tara irinsu zai zo daga Maradi ya ɗauka ranar kasuwa. Haba, hasken idona! Ƙarfen da ya koya wa rabin garinmu rubuta sunansu, shi za ka rataya wa baƙo a wuya?

Cire shi daga sarƙar. Ka kawo shi gidanmu da ƙafarka, ka tsaya kusa da ni in gaya wa Inna gaskiya. In ka zo, zan sa ƴan kunnenka ranar jarrabawa. In ka sayar, ba zan daina sonka ba, don ban san yadda ake dainawa ba, amma wannan ce takarda ta ƙarshe da za ka gani da rubutuna.

Taka har numfashin ƙarshe, mai rubutu da bik ɗin aro,
Shamsiyya