An Ƙona Risibar Yaya, An Ɗora Mini Laifi

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama. Yau kwana tara zuciyata na tafasa, ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Ni mace ce, shekarata ashirin da uku, bara na gama kwalejin fasaha a fannin lantarki. Tun rasuwar mahaifinmu nake zaune a gidan yayana, kuma shi ne uba a gare ni, ban taɓa musun haka ba. Yaya mutum ne mai son kallo. A falonsa akwai talabijin a bango, da lasifika biyar, da wata ƙatuwa a ƙasa mai rugugi, sai risiba, wato akwatin da ke karɓar sauti ya rarraba wa lasifikokin. Da ya canza lasifikokin gaba guda biyu ya sa manya, sai risibar ta kasa ɗaukarsu. In an ƙara murya sautin ya shaƙe, bayanta ya yi zafi kamar dutsen guga, wani lokaci ta kashe kanta ana tsakiyar kallo.

Ni na ce kada ya yar da ita, ya sayo amfilifaya ta daban, wato akwatin ƙara wa sauti ƙarfi, ta ɗauki manyan lasifikokin biyu, risibar ta ji da ƙananan. Kafin in buɗe baki sai da na juya risibar na tabbatar tana da ramukan nan da aka rubuta wa pre-out, masu fitar da sauti tsurarsa, ba a ƙara masa ƙarfi ba. Ya sayo. Wuni guda na yi durƙushe a bayan kabad. Na ja waya daga ramukan zuwa amfilifaya, na ja sababbin wayoyi masu kauri daga amfilifaya zuwa lasifikokin gaba. Tsofaffin wayoyin da ke fitowa daga risiba na cire su daga jikin lasifika, na naɗe bakinsu da salatif, na tura su baya, don fitar da su gaba ɗaya sai an janye kabad, ni kuma na gaji. Da na kunna wani fim mai hadari a ciki, matar Yaya ta fito daga kicin da gudu za ta kwashe shanya. Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya dube ni ya ce ashe karatun nan ba a banza aka yi shi ba. Na riƙe maganar nan a zuciyata, don bai saba yabona ba.

Ranar Asabar na tafi gaida goggonmu. Abokan Yaya suka zo kallon ƙwallo da la'asar. A cikinsu akwai wanda suke kira Injiniya. Malam, mutumin nan rigar waya da caja yake sayarwa. Fanka ya taɓa gyarawa sau ɗaya, shi ke nan suna ya bi shi. Matar Yaya ce ta ba ni labarin abin da ya faru. Injiniya ya leƙa bayan lasifika ya ga wayoyin da na naɗe, sai ya ce yarinya ta yi rabin aiki, ta bar rabin ƙarfi yashe a ƙasa, in aka haɗa na risiba da na amfilifaya ƙarfin zai ninka. Ya ɓare salatif ɗin, ya cusa wayoyin a inda na ɗaura sababbin, Yaya na tsaye yana haska masa da fitilar waya. Suna kunnawa aka ji fat, ƙauri ya cika falo. Risibar ba ta sake tashi ba.

Da na dawo na tarar da su zaune jugum. Yaya bai tambaye ni komai ba. A gaban abokansa ya ce laifinsa ne da ya bar yarinya ta yi masa wasa da kaya. Injiniya kuma, ko kunya babu, ya ce dama amfilifayar ta fi ƙarfin risibar, shi tun farko ya hango haka. Nan idona ya rufe. Na ce masa bai san bambancin fiyus da tsinken ashana ba. Na juya kan Yaya na ce abokansa ke juya shi kamar sitiyari. Na san na faɗa, kuma har yanzu in na tuna yadda ya tsaya yana haska wa mutumin nan, ba na jin zan iya janyewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Wani kamfani mai haɗa kayan sauti a gidaje da ɗakunan taro ya ɗauke ni aiki, zan fara farkon wata, amma sai wanda ke riƙe da ni ya sa hannu a takardar tsaya mini. Takardar na kan teburinsa. Ya aiko matarsa ta gaya mini ba zai tsaya wa mai ƙona kayan mutane ba. Saura kwana goma sha biyu.

Ina da hoton haɗin da na ɗauka ranar da na gama. Niyyata in tura shi zauren danginmu na waya tare da bayani, kowa ya ga wanda ya yi ɓarnar, sannan in kwashe kayana in koma gidan Goggo. Malam, in tura?

Ƙanwar da aka ɗora wa laifi

AMSA

'Yata, kada ki tura. Zauna mu duba maganar tare.

Da farko, aikinki daidai ne, kuma na ji daɗin karanta shi. Kin duba ramukan kafin a sayi kaya, kin ba amfilifaya lasifikokin da suka fi cin ƙarfi, kin bar wa risiba sauran. Haka ake yi. Zancen cewa amfilifaya ta fi ƙarfin risiba ba shi da tushe, domin ta wannan hanyar risiba sauti kawai take miƙa mata, ba ta ɗaukar nauyinta. Abin da Injiniya ya yi shi ne ya haɗa bakin na'urori biyu masu turo wuta a wuri ɗaya. Ƙarfi ba ya ninkuwa haka. Kowace tana tura wuta cikin 'yar'uwarta, mai rauni ta ƙone. Fushinki yana da dalili, kuma kalmar da yayanki ya jefe ki da ita a gaban baƙi ba ta dace ba.

Amma ki sake buɗe hoton nan ki duba da kyau. Wayoyi biyu ne a ciki, naɗe da salatif, ɗaya ƙarshen nasu har yanzu ɗaure a jikin risiba. Ke da kanki kika ce kin bar su don kin gaji. Waya mai rai da aka bari a bayan kaya, babu rubutu, babu wanda aka gaya wa, gayyata ce ga duk mai ƙaiƙayin hannu. A kamfanin da za ki, kowane gida kika shiga akwai Injiniyansa, kuma aikinki bai ƙare ba sai kin bar haɗin da ko shi ba zai samu abin ɓatawa ba. Hoton da kike son ki wanke kanki da shi yana ɗauke da naki kason.

Shi kuma yayanki, ki tuna shi ya riƙe fitilar. Ya san haka sarai. Mutumin da ya yi kuskure a gaban abokansa, sannan ƙanwarsa ta ƙara masa da zancen sitiyari, kunya ce ke magana a bakinsa. In kika kai shi gaban dangi, kin rufe masa hanyar dawowa, takardarki kuma ta kwana a teburin har wata ya wuce.

Ki same shi shi kaɗai, ba ta bakin matarsa ba. Ki fara da naki: maganar da kika gaya masa, da wayoyin da kika bari. Kada ki ambaci Injiniya. Sannan ki roƙe shi ku ɗauki risibar tare ku kai wa ƙwararren mai gyara, wanda shi zai zaɓa, ku gaya masa yadda aka haɗa wayoyin ranar Asabar. Bayanin da Yaya ba zai karɓa daga bakinki yau ba, zai karɓa daga bakin baƙo. Kafin ku tafi ki gwada amfilifayar da lasifikokin da mitarki ta awon lantarki, mai yiwuwa sun tsira. In an gyara, ki janye kabad ɗin komai nauyinsa, ki cire tsofaffin wayoyin daga tushe, ki manna wa kowace waya takarda da sunanta, ki bar wa amfilifaya sarari ta sha iska, ki koya wa mutanen gidan cewa ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Maganar sa hannu ki bar ta sai kun dawo daga wurin mai gyara. In kwana biyar suka rage bai motsa ba, ki je wa Goggo, ita kaɗai, ta yi masa magana a matsayin uwa. Amma ina kyautata zaton mutumin da ya ce karatunki ba a banza aka yi shi ba bai manta ya faɗa ba.

Hoton kuma ki ajiye shi. Ranar da kika fara aiki, ki dube shi kafin ki tashi daga bayan kabad ɗin farko. Allah ya huci zuciyarki, ya daidaita ki da yayanki, ya sa albarka a hannunki.